Ƙauyen Jawa: Tambayoyi da Amsoshi kan Zama, Gona da Tafiya

Duk wanda ya taɓa sauke farali ya san alhazan Indonesiya, masu tafiya cikin jerin gwano da tufafi iri ɗaya, ba hayaniya ba ture-ture. Da yawansu manoma ne daga ƙauyukan tsibirin Jawa, wasu sun yi fiye da shekara ashirin a layi kafin kujerarsu ta fito. Na yi 'yan watanni a ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙauyuka, a gindin dutsen Merapi, tsakanin Yogyakarta da Magelang. Tun da na dawo, kusan tambayoyi iri ɗaya ake yi mini, rabinsu kuma a kan gona suke. Ga su nan da amsoshinsu.

Ina ne Jawa, kuma da gaske ne cunkosonsa ya kai yadda ake faɗa?

Ya kai. Faɗin tsibirin bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai na Najeriya ba, amma ƙidayar 2020 ta samu mutum sama da miliyan 150 a cikinsa, wato fiye da rabin al'ummar Indonesiya. Jawawa na ainihi suna tsakiya da gabas, da yankin Yogyakarta. Yammacin tsibirin na Sundawa ne, harshensu daban.

Saboda haka in an ce ƙauye a can, kada ka kawo rugar da za ka yi tafiyar sa'a guda kafin ka ga wata. Kana fita daga inuwar kwakwa da gora ta wannan gari za ka hango rufin jan tayil na gari na gaba, abin da ya raba su fadamar shinkafa ce kawai. Daji irin namu, wanda ba na kowa ba, babu shi. Kowane taku yana da mai shi, ko mutum, ko gari, ko gwamnati.

Wa ke riƙe da gari?

Ƙauye sunansa *desa*. Shugabansa *kepala desa*, amma a baki *Pak Lurah* ake ce masa. Kusan dagaci ne, sai dai zaɓensa ake yi da ƙuri'a, kuma zaɓen yakan yi zafi fiye da na shugaban ƙasa, don kowa ya san kowa. Dokar ƙauyuka ta 2014 ta ba shi shekara shida har sau uku. Gyaran 2024 ya mayar da ita shekara takwas sau biyu. Tun 2015 kuma gwamnatin tsakiya tana tura kuɗi zuwa asusun kowane ƙauye, *Dana Desa*, wanda da shi aka daɓe yawancin lunguna da kankare.

A ƙarƙashinsa akwai magatakarda, *carik*. Akwai mai kula da rabon ruwan ban-ruwa, *ulu-ulu*. Akwai *modin* mai hidimar ɗaurin aure da jana'iza. Gari ya kasu unguwa-unguwa, kowace unguwa kuma ta kasu ƙananan rukunoni na gidaje 'yan gomomi da ake kira RT. Shugaban RT shi ne mutumin da baƙo zai fi hulɗa da shi. Ba wani albashin kirki yake samu ba, amma babu takardar da za ta motsa ba da sa hannunsa ba.

An ce da gona ake biyan dagaci. Haka ne?

Haka ne, kuma tsohon tsari ne. Gari yana da filayensa na kansa, daga ciki ake ware wa dagaci da muƙarrabansa *tanah bengkok*, su noma ko su ba da haya muddin suna kan kujera. Ranar da mutum ya sauka, gona ta koma hannun gari. Gandun sarauta ke nan, ba a sayarwa, ba a gado. Yanzu an haɗa musu da albashin wata, amma a garin da gandun yake da faɗi kuma ruwa na kai masa duk shekara, shi ne dalilin da ya sa mutum zai zubar da dukiya a yaƙin neman zaɓe.

Manomi ɗaya gona nawa yake da ita?

Nan ne Bahaushe yake riƙe baki. Akasarin manoman Jawa ba su kai rabin hekta ba, har suna da sunan da hukuma ke kiransu da shi, *petani gurem*. Ma'aunin da ake ciniki da shi a ƙauye shi ne *ubin*, wasu wuraren su ce *ru* ko *bata*: murabba'in mita 14, kamar ɗaki ɗaya madaidaici. Ubin 500 shi ne *bahu* ɗaya, kusan girman filin ƙwallo. Mai bahu guda na fadama mai ruwa babban mutum ne a gari. Maigidan da na sauka a wurinsa ubin ɗari da 'yan kai yake nomawa, kuma ba a lissafa shi cikin matalauta.

Abin da ya sa ɗan filin nan yake riƙe gida, ƙasar ce da ruwan. Tokar duwatsu masu aman wuta ta sa ƙasar baƙa ce mai laushi, magudanan ruwa kuma suna gangarowa daga dutse zuwa kowace gona, har a yi shuka biyu ko uku a shekara. Duk da haka shinkafar kaɗai ba ta isa. Kusan kowane gida akwai mai aikin gini, ko ɗan acaɓa, ko 'ya a masana'anta a Semarang ko Tangerang, ko wadda ta tafi aikatau Malesiya, Hong Kong, Taiwan ko Saudiyya. In ka ga gida mai bene da fenti mai ƙyalli a tsakiyar gidajen katako, tambayi wa ke waje.

Wanda ba shi da gona fa, ya yake ci?

Hanyoyin suna da yawa, kuma kowacce da sunanta. Akwai *maro*, noman raba-daidai: mai gona ya ba da fili, manomi ya yi aiki, a raba amfani biyu. Akwai *mertelu*, inda ake kasawa uku. Wa zai sayi taki da iri, wannan ya danganta da al'adar gari da kuma ƙarfin bakin masu yarjejeniyar.

Akwai *bawon*, wanda ya fi burge ni. Matan da suka yi dashe ko suka shiga girbi ba kuɗi ake ba su ba, kaso ake ba su daga abin da suka girba, wani gari ɗaya cikin shida, wani ɗaya cikin goma. Na sha tsayawa da sassafe ina kallonsu, sahu guda cikin laka har ƙwauri, da malafa mai tsini a ka, suna dasa iri suna ja da baya, an miƙa igiya ko sandar gora don layi ya miƙe. A da da wata 'yar wuƙa ta tafin hannu, *ani-ani*, ake yankan zangarniya ɗai-ɗai, kowace mace a gari tana da haƙƙin shiga girbin maƙwabci. Da aka kawo irin zamani a shekarun 1970 lauje ya maye gurbinta, hannayen da ake bukata suka ragu. Yanzu injin girbi yana cinye abin da lauje ya bari.

Sai *tebasan*: ɗan kasuwa ya zo ana saura 'yan kwanaki girbi, ya zaga gona, ya ƙiyasta, ya saye amfanin a tsaye, ya kawo ma'aikatansa. Manomi ya huta da wahala, amma maƙwabtansa sun rasa kason bawon. Wanda ake ƙyama shi ne *ijon*, sayar da yabanya tana kore saboda matsi, a farashin wulaƙanci.

Jingina ma akwai, *gadai sawah*. Abin lura a nan, wata doka ta 1960 ta ce wanda ya riƙe gonar jingina shekara bakwai dole ya mayar wa mai ita ba tare da an biya shi ko sisi ba, don ya riga ya ci fiye da kuɗinsa. A aikace, kunya da zumunci kan hana mutane kai maganar kotu.

Ni baƙo, zan iya sayen gona a can?

A'a. Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, amsarta kuma ba ta da kwana-kwana. Babbar dokar ƙasa ta ranar 24 ga Satumba, 1960, wadda har yau ake bikin ranar manoma da ita, ta keɓe cikakkiyar mallaka, *Hak Milik*, ga 'yan ƙasa kaɗai. Ko gado baƙo ya ci, shekara ɗaya aka ba shi ya rabu da filin, in ba haka ba ya koma na gwamnati.

Abin da baƙo mai takardar zama zai iya samu shi ne *Hak Pakai*, haƙƙin amfani na wa'adi: shekara 30, a ƙara 20, a sabunta 30. Wannan kuma na gidan zama ne, mai farashin da bai gaza wani adadi na biliyoyin rupiya, kuɗin ƙasar, da gwamnati ta ƙayyade wa kowane lardi ba. Bai shafi fadamar shinkafa ba. Mai son noma na kasuwanci sai ya kafa kamfanin zuba jari na ƙetare ya nemi haƙƙin noma a filin gwamnati, wannan kuwa harka ce ta manyan gonakin shayi da rake, ba ta ubin ɗari ba.

Ko ɗan ƙasar ma ba kai tsaye yake saye ba. Dokar 1961 ta hana mutum mallakar gona a gundumar da ba ya zaune, don kada attajiran birni su tattare filayen ƙauye. An kuma sa iyaka: a wuraren da suka fi cunkoso, iyali ɗaya ba zai wuce hekta biyar ta fadama ko shida ta tudu ba. Sannan dokar 2009 ta kare wasu fadamu daga mayar da su filin gini.

Za ka haɗu da dillalin da zai ce maka abu ne mai sauƙi, a saya da sunan wani ɗan gari, ku rubuta yarjejeniya a gefe. Kada ka yarda. Babbar dokar ƙasar ta 1960 ta ce duk cinikin da aka yi don a mallaka wa baƙo fili ta bayan gida ɓatacce ne, filin ya zama na gwamnati, kuɗin da ka biya kuma ba ka da ikon neman a dawo maka da shi. Wanda sunansa ke kan takarda yana iya zama mutumin kirki, amma in ya mutu da magadansa za ka yi, su kuwa ba su san ka ba. Haya ita ce hanya mai tsafta. Gidan ƙauye ana ba da shi shekara-shekara, a biya gaba ɗaya, shugaban RT ya shaida.

In na auri 'yar garin fa?

Auren ba ya ba ka gona, yana ma iya raba ta da tata. A dokar Indonesiya duk abin da ma'aurata suka samu bayan aure na su biyu ne, Jawawa suna ce masa *gono-gini*. To in matarka ta sayi fili bayan aure, rabi ya zama naka ke nan, kai kuwa ba ka da ikon mallaka. Mafita ita ce yarjejeniyar raba dukiya a gaban lauya mai ikon buga hatimin shaida. A da sai kafin ɗaurin aure ake yin ta. Hukuncin Kotun Tsarin Mulki na 2016 ya halatta a yi ta ko bayan aure. Ko da an yi, gonar tata ce ita kaɗai.

Wace takarda ce ke nuna mallaka?

Takardar shaida ta hukumar filaye ta ƙasa, BPN. Ciniki kuma sai a gaban jami'i mai lasisin rubuta takardun fili, PPAT. Matsalar ita ce filaye da yawa a ƙauye ba su taɓa shiga rajista ba. Abin da ake riƙe da shi shi ne tsohuwar takardar haraji, *girik* ko *petok*, da wani babban littafi a ofishin dagaci, *Letter C*, inda sunan kakan kaka yake har yanzu duk da an raba gonar sau uku. Daga 2017 gwamnati ta shiga yi wa filaye rajista gari-gari a ƙarƙashin shirin PTSL, miliyoyin takardu sun fita. Rigimar da ta rage galibi ta cikin gida ce: wane ya ce baba ya ba shi da baki, wance ta ce ba a gabanta ba.

Yaya suke rabon gado?

Suna da karin magana a kai, *sepikul segendongan*. Namiji yana ɗaukar kaya da sanda a kafaɗa, kwando biyu. Mace tana goya kwando ɗaya. Wato biyu da ɗaya, daidai da rabon Musulunci. Amma iyalai da yawa raba-daidai suke yi bisa yardar juna, kuma iyaye sukan raba tun suna raye don gudun fitina. Gida yakan zama na ɗan da ya zauna ya yi jinyar tsofaffi, sau da yawa auta ko 'ya mace. Kafin a taɓa komai ana fitar wa wanda ya rage cikin ma'aurata rabin gono-gini, sannan a raba saura. In an kasa sasantawa, Musulmi kotun addini suke zuwa, wadda ke aiki da kundin hukunce-hukuncen Musulunci na 1991.

Lissafa da kanka abin da zai faru da bahu ɗaya bayan 'ya'ya biyar da jikoki ashirin. Shi ya sa wasu 'yan uwa ba sa yanka gonar, sai su riƙa noma ta bi da bi, bana wannan, baɗi wancan.

Shinkafa kaɗai ake nomawa?

Ita ce uwa, har tana da suna huɗu: *pari* tana gona, *gabah* in an sussuke, *beras* in an cashe, *sega* in an dafa. Bayan shinkafa biyu, a rani akan sa masara, waken suya, gyaɗa ko barkono. Kowane yanki kuma da abin da ya shahara da shi: albasa a Brebes, taba a Temanggung, dankalin turawa a tsaunin Dieng, rake a gabas, 'ya'yan *salak* masu ɓawo kamar fatar maciji a Sleman. Gunungkidul ƙasar duwatsun farar ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, can rogo ake busarwa a yi *tiwul* da garinsa.

Abokan gaba biyu ne, ƙwaron *wereng* da ɓera. A ƙauyen Tlogoweru na Demak manoma sun kafa wa mujiya akwatuna a kan dogayen sanduna a tsakiyar gonaki don ta riƙa kama ɓeraye, wasu garuruwan suka kwaikwaya. Mu da muke jifar mujiya in ta sauka a kan katanga, abin dubawa ne.

Zaman ƙauyen yana da araha?

Abinci da haya suna da araha. Abin da ke cin kuɗi shi ne zumunci, kuma ba a guje masa. In ana biki ko rasuwa, mata sukan kwana biyu uku a gidan suna girki, shi ne *rewang*. Kowa kuma zai kai gudummawa, kuɗi a ambulan ko shinkafa da sukari, a rubuta a littafi, ranar taka a mayar maka da kwatankwacinsa. A watannin da aure ya yi yawa, abin da gida ke kashewa a gudummawa yakan fi na cefane. Aikin gayya suna ce masa *gotong royong*. In na ɗaga rufin wani ne, *sambatan*, ladansa abinci da shayi da taba. Adashi kuma, *arisan*, kowace unguwa da nata, na maza daban na mata daban.

Ga wani abu ƙarami da ya tsaya mini a rai. A jikin ƙofar kowane gida an kafe ɗan gwangwani. Da yamma uwargida za ta zuba shinkafa cikin cokali ɗaya ko biyu, ko ta jefa kwabbai. Cikin dare 'yan sintiri, waɗanda magidantan unguwa ne da ke yi bi da bi, za su bi gida-gida su juye. Sunansa *jimpitan*. Da shi ake sayen ƙwan fitilar titi da kujerun zaman makoki, kuma shi ne shaidar cewa sintirin ya taka kowace ƙofa. A rumfarsu akwai wani kututture mai rami a rataye, *kentongan*, kowane irin bugu da ma'anarsa: gobara, ɓarawo, mutuwa, ko lafiya lau. Baƙon da ya wuce wata guda, ranar sintirinsa za ta zo. Ni daren Talata aka ba ni.

Musulmi ne kamar mu?

Mafi yawansu Musulmi ne, Shafi'awa. Za ka ji ana bayyana bisimilla a Fatiha, ana ɗaga hannu a yi ƙunutu bayan ruku'u a sallar Asuba, kuma a masallatai da yawa ana buga wani babban tambari, *bedug*, kafin kiran salla. Ƙungiyoyi biyu ne manya: Muhammadiyah, wadda Ahmad Dahlan ya kafa a Yogyakarta a 1912, da Nahdlatul Ulama, wadda Hasyim Asy'ari da wasu malamai suka kafa a 1926. Ƙauye galibi na ta biyun ne, da tsangayunta da ake kira *pesantren* da malamanta, *kiai*.

Ana yi wa mamaci taron addu'a ranar uku, bakwai, arba'in, ɗari, shekara, shekara biyu, da kwana dubu. Kafin azumi, a watan Sha'aban, gari kan fita share maƙabarta a ci abinci tare. Bayan girbi akwai bikin tsarkake gari, wani lokaci da wasan 'yar tsana na fata, *wayang*, har Asuba. Wasu abubuwan, kamar ajiye ɗan abinci da furanni a kusurwar gona don Dewi Sri, uwar shinkafa a tsohon addininsu, sun samo asali tun kafin Musulunci. Muhawarar bidi'a da ka sani a gida tana nan a can, da zafinta. Shawarata ga baƙo ya zauna inda aka zaunar da shi, ya yi addu'ar da ya yarda da ita, ya bar wa masu gari gardamarsu. Akwai kuma Kiristoci a garuruwa da dama, wani lokaci a cikin dangi ɗaya, kuma su ma suna zuwa rewang.

Zama a gindin dutse mai aman wuta ba ganganci ba ne?

Haɗarin gaskiya ne. A 2010 Merapi ya kashe mutum sama da 350, ciki har da Mbah Maridjan, dattijon da fadar Yogyakarta ta naɗa mai tsaron dutsen, wanda ya ƙi sauka. Girgizar ƙasar 27 ga Mayu, 2006 ta kashe fiye da 5,700, akasari a Bantul. Amma dutsen da ke kisa shi ke ba da taki, da ruwa, da yashin gini. Akwai matakan gargaɗi huɗu, da alamun hanyar gudu a bakin titi. In an ce a sauka, sauka.

Ta yaya zan isa can?

Fara da biza, don nan ne wahalar take. Najeriya ta daɗe a cikin 'yan ƙasashen da Indonesiya take tsananta wa wajen biza, ba a kuma ba mu ita a filin jirgi. Sai wani a can, mutum ko makaranta ko kamfani, ya tsaya maka, a tantance takardunka a Jakarta, kuma abin yana ɗaukar lokaci. Ofishin jakadancinsu yana Abuja. Tambaye su ƙa'idar da ake kai kafin ka sayi tikiti. Riƙe katin rigakafin shawara. Kada kuma ka karɓi saƙon kowa a jakarka, ko na ɗan uwa ne. Hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne, kuma an zartar da shi kan 'yan Najeriya a 2015 da 2016.

Babu jirgi kai tsaye, sai ta Doha, Dubai, Istanbul ko makamantansu zuwa Jakarta. Agogonsu yana gaban namu da sa'a shida. Daga Jakarta ko ka sake hawa jirgi na sa'a ɗaya da 'yan mintoci zuwa sabon filin Yogyakarta da ke Kulon Progo, ko ka hau jirgin ƙasa daga tashar Gambir, sa'a shida zuwa takwas. Na fi son jirgin ƙasan: yana tashi kan lokaci, da sanyi a ciki, kuma rabin tsibirin zai wuce ta tagarka. Daga birni zuwa ƙauye sai bas, sai ɗan acaɓa. Gojek da Grab, manhajojin kiran acaɓa da mota ta waya, suna aiki a birni da kewaye, amma in ka yi nisa za su kai ka, dawowa ce sai ka nemi ɗan gari. A hannun hagu ake tuƙi, ka kula wajen tsallaka titi.

Wane lokaci ya fi?

Rani, daga Mayu zuwa Satumba ko Oktoba, hanya a bushe, dutse a fili da safe. Damina daga Nuwamba zuwa Afrilu ce, kore ya fi kyau amma kusan kullum da ruwa bayan Azahar. Guji makon ƙaramar Salla sai in gayyatarka aka yi. Lokacin ne na *mudik*, miliyoyin mutane suna komawa garuruwansu, tikiti yakan ƙare tun da wuri.

In kasuwa kake so ka gani, koyi makonsu na kwana biyar: Legi, Pahing, Pon, Wage, Kliwon. Kasuwannin ƙauye da shi suke ci, ba da Litinin ko Alhamis ba. Kasuwar shanu ta Pahing in ta ci yau Laraba, ta gaba ranar Litinin ce.

A ina zan kwana, kuma me zan kiyaye?

Akwai ƙauyukan da suka tsara karɓar baƙi a gidajen mutane: Candirejo kusa da tsohon wurin bautar Buda na Borobudur, Pentingsari a Sleman, Nglanggeran a Gunungkidul wanda hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama a 2021. In kuwa gidan aboki za ka sauka, akwai allo a bakin kowace unguwa da ke cewa baƙon da zai wuce awa 24 ya kai kansa wurin shugaban RT. Ni sai da na kwana biyu ban je ba, na ɗauka maigidana ya isar. Ba wanda ya ce mini uffan. Gaisuwa ce kawai ta ɗan yi sanyi, har maigidan ya ce in sa riga mai hannu mu je mu sha shayi a wani gida. Da hoton fasfo muka je.

Haka suke, ba sa faɗa maka ka yi kuskure. Harshen ma hawa-hawa ne, *ngoko* na tsara da yara, *krama* na manya, kuma baƙo gara ya tsaya a harshen Indonesiya da ya yi wa dattijo ngoko. Kalmomi kaɗan sun isa: *kulonuwun* in ka zo ƙofa, *monggo* wato bisimilla, *matur nuwun* na gode. Magidanci *Pak*, matar aure *Bu*, saurayi *Mas*, budurwa *Mbak*, tsoho ko tsohuwa *Mbah*. Ana nuni da babban yatsan dama. In za ka gifta gaban manya ka ɗan rusuna ka sauke hannun dama. In an ajiye maka shayi kada ka taɓa sai an ce monggo, wani lokaci har sau biyu. Ɗaga murya kuwa, ko kana da gaskiya ka faɗi.

Abinci da lafiya fa?

Shinkafa sau uku a rana, da *tempe* na waken suya, da awara irin tamu wadda suke kira *tahu*, da ganye a ruwan kwakwa, da yaji. Girkin tsakiyar Jawa yana da zaƙi, har miya ana sa mata sukarin kwakwa, shayi kuma in ba ka ce *tawar* ba da sukari zai zo. Indomie da yaranmu suka ɗauka ta gida ce, asalinta can ne, za ka same ta a kowace rumfa. Ruwa a tafasa ko a sayi na gora. Sauron da za ka ji tsoro shi ne mai cizon rana, mai kawo zazzaɓin dengi, musamman da damina. Kowace gunduma tana da asibitin sha-ka-tafi, *puskesmas*, ƙauyuka da yawa kuma suna da ungozomar gwamnati.

Wace tsaraba zan kai, wace zan dawo da ita?

Kai dabino, turare, ko hula ɗinkin hannu ga maigida. Zai sa ta ranar Juma'a ya nuna wa kowa. Kilishi kada ka ɗauka, jami'an filin jirgi suna tsananta wa kayan nama. Ranar tafiya ka bi gidajen maƙwabta da na shugaban RT ka yi sallama, *pamit*, ko da minti biyu-biyu ne.

Abin dawowa da shi batik ne. Atamfar da matanmu ke ɗaurawa jikarsa ce: Turawan Holan ne suka kwaikwayi zanen kakin Jawa da inji a ƙarni na 19, kasuwarsa ta buɗe a Afirka ta Yamma, shi ya sa har yau akwai atamfar da ake kira Java. A kasuwar Beringharjo ta Yogyakarta ko Klewer ta Solo za ka ga iri uku, na inji, na hatimi, da na hannu da ake kira *tulis*, wanda mace kan yi wata ɗaya ko fiye tana ɗiga masa kaki. Juya bayan ƙyallen ka duba. Na hannu launinsa ya ratsa ciki da waje daidai, layukansa ba su cika miƙewa sak ba, kuma in ka kai shi hanci za ka ji ƙanshin kaki.